Likitan waya ya ce a kai Inna asibiti, to kuɗin me nake biya?

Assalamu alaikum Anti. Ina aure a Kano, mahaifiyata kuma tana ƙauyenmu a Zamfara wajen yayana. Ta kusa shekara 70, kuma shekara shida ke nan tana fama da hawan jini da ciwon suga. Da can duk bayan wata uku ake kai ta Gusau ganin likita, amma da 'yan bindiga suka addabi hanyarmu sai zuwan ya tsaya. Wata bakwai da suka wuce wata ƙawata ta haɗa ni da wani likita mai duba marasa lafiya ta WhatsApp. Ina biyansa duk wata, yana magana da Inna ta bidiyo in an samu sabis, har ya canja mata ƙwaya ɗaya. Yaya bai taɓa yarda da abin ba. Cewa yake likitan da bai taɓa jikin mutum ba ai ba likita ba ne, shi ya fi gane wa mai kemis ɗin garinmu da ke mata allura. To yau mako uku ke nan wani ɗan miki ya fito mata a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa. Ba ya mata zafi, amma ya ƙi warkewa. Na tura wa likitan hoto, sai ya ce ba zai rubuta komai ba, a kai ta asibiti cikin kwana biyu. Yaya ya ce ga irinta nan, kuɗina kawai ake ci. Ni ma raina ya sosu, domin don gudun hanyar nan na nemo shi. Ina tsoron hanya, ina tsoron ƙafar. In nemi wani likitan da zai yarda ya rubuta magani, ko in haƙura da harkar wayar gaba ɗaya?

Daga 'yarki a Kano.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi daga nesa.

Da ƙafar zan fara, domin ita ce ba ta jira. A kai Inna asibiti cikin kwanakin nan. Kada ki nemi wani likitan da zai rubuta magani a kan hoto. In kin nema za ki samu, suna nan da yawa a Facebook da TikTok, kuma wanda zai yarda ya yi miki hakan shi ne wanda ya kamata ki guje wa.

Kin ce mikin ba ya mata zafi, kuma na san a gida wannan ne ya kwantar wa kowa da hankali. Ni kuwa nan ne gabana ya faɗi. Suga in ya daɗe a jiki yana kashe ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, sai mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai ji ba. Yana kuma tsuke hanyoyin jini, abin da zai ciyar da nama ya haɗe miki sai ya riƙa isa ƙafar da ƙyar. Shi ya sa mikin mai suga yake cin ciki alhali bakinsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Hoton da kika tura bakin rijiya kawai ya nuna wa likita, bai gaya masa gaba nawa ne zurfinta ba. Wanda zai san zurfin sai ya riƙe ƙafar da hannunsa. Zai lalubi bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, ya ji ko wurin ya fi ɗayar ƙafar ɗumi, ya ji ko akwai wari, ya zura ɗan ƙarfe mai tsabta ya ga ko ya taɓo ƙashi. In akwai mataccen nama a kankare shi, in ana shakkar ƙashi a ɗauki hotonsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bi ta waya. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin kwanciyar mata, kuma ƙafafun da na ga an yanke, yawancinsu da ɗan abu kamar na Inna suka fara, ko cizon takalmi, ko kaushi da ya tsage, aka yi ta shafa musu magani a gida har yatsa ya yi baƙi. Waɗanda aka kawo da wuri kuwa, da yawansu da ƙafafunsu suka taka suka koma gida.

Kin tambaya kuɗin me kike biya. Kuɗin wannan amsar da ta ɓata miki rai kike biya. Da ya rubuta miki kafso na mako biyu, da ya faranta miki, ya riƙe cinikinsa, ke ma kin yi barci. Ya zaɓi ya ce miki nan ne iyakar abin da ido da kunne za su iya. Likitan da ya san iyakarsa, ya kuma faɗe ta ko da mai biyansa zai ji haushi, irinsa ake riƙewa. Ki lura kuma, ba don shi ba, da har yanzu ana nan ana cewa ai ba ya zafi.

Yaya ma yana da gaskiyarsa, kada ki raina ta. Zuwa da kai ya fi saƙo, haka ne, kuma a maganar ƙafar nan bakinsa da na likitan ɗaya ne ko da bai lura ba: dukansu cewa suke sai an taɓa. Inda ya kuskure shi ne hannun da ya zaɓa. Mai kemis yana taɓa Inna, amma ba a horar da shi sanin abin da yake taɓawa ba, lasisin irin shagonsa ma na sayar da wasu magunguna ne a cikin kwalinsu, bai kai ga yin allura ba. Ki tambaya a hankali allurar me ake mata. In ta ciwon jiki ce irin su diclofenac, tana ɗaga hawan jini tana kuma wahalar da ƙoda, mai suga kuwa dama ƙodarsa abar lallaɓawa ce. In akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, waɗanda ake yawan cusawa a haɗin maganin ciwon gaɓoɓi, to suna tayar da suga sama sosai, suna kuma hana miki warkewa. A dakatar da allurar, a ɗauki kwalabenta da duk wata ƙwaya da Inna ke sha, har na gargajiya, a tafi da su a nuna. In ta daɗe tana shan ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe kullum, kada a yanke shi kwatsam, likita ne zai faɗi yadda za a janye shi.

Maganar hanya kuwa, ba zan zauna a nan in ce miki babu komai ba. Tsoronki na gaskiya ne. Amma wanda ya san hanyar Yaya ne, shi ya san ranar da motoci ke fita da yawa, da lokacin da direbobi ke tashi, da wajen da ake kaucewa. Ki bar masa wannan. Abin da za ki yi ke shi ne ki kira likitan ki tambaye shi ko dole sai Gusau, ko babban asibitin ƙaramar hukuma mafi kusa zai wadatar a fara da shi. Ki roƙe shi ya rubuta takardar turawa, mai ɗauke da tarihin ciwon da magungunan da take sha da abin da yake zargi, a nuna wa likitan da za a tarar. Ku kuma shirya da tunanin za a iya kwantar da ita. Ina ganin in an fito da ita, kada a yi saurin mayar da ita. Ki yi magana da maigidanki, in da hali ta wuce wajenki Kano ta zauna har mikin ya rufe, tunda irinsa yana son wanki da dubawa a kai a kai na makonni, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kusa in abin ya buƙaci ƙwararru. Tafiya ɗaya mai tsawo ta fi zirga-zirga shida a kan hanyar da kike tsoro.

Kafin a tashi, a wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri kaɗan, a rufe da bandeji mai tsabta. Ban da gasawa da ruwan zafi, tunda ba za ta ji in ya ƙona ta ba. Ban da kanwa, ban da toka, ban da garin magani, ban da wanzami. Ta rage takawa, kuma kada ta taka ƙasa ba takalmi ko da daga ɗaki zuwa bayi ne. In kuwa yatsan ya fara duhu, ko ƙafar ta kumbura, ko ruwa mai wari ya fara fita, ko zazzaɓi ya zo, to maganar kwana biyu ta ƙare, ranar za a fita.

Tunda za a fita, a ci moriyar fitar. A gwada ƙodarta da fitsarinta, a duba idonta, domin suga yana ɓarna a bayan ido tun kafin gani ya ragu. A yi mata gwajin nan da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Waɗannan aƙalla sau ɗaya a shekara ake so, kuma da sakamakonsu likitan waya zai riƙa aiki sauran watannin.

Yanzu ga rabin tambayarki na biyu. A'a, kada ki haƙura da wayar. Hawan jini da suga, in an riga an gano su an ɗora mutum a kan magani, ciwo ne na bibiya: nawa awo ya nuna, yaya ake shan ƙwaya, me ta ci, yaya barci, a ƙara ko a rage. Wannan kuwa waya tana iya ɗaukarsa sarai, ta hutar da tsohuwa wahalar mota da layin kati. Sai dai yadda kuke yi yanzu da gyara, don ban ji kin ambaci awo ko sau ɗaya a wasiƙarki ba. In likita yana kallon fuskar Inna kawai yana tambayarta yaya jiki, tana ce masa da sauƙi, kamar yadda kowace uwa za ta ce don kada a tashi hankalin 'ya'yanta, to a duhu yake aiki.

Duba mara lafiya daga nesa ya girmi wayar hannu da shekaru masu yawa. A Ostireliya, inda makiyaya ke zaune a daji tafiyar kwanaki daga asibiti, wani malamin coci mai suna John Flynn ya kafa aikin likitocin jirgin sama a 1928. A 1929 aka fara raba wa gidajen daji wata rediyo da ake juya ta da ƙafa kamar keke don ta samu wuta, ta nan suke kiran likita. Amma murya kaɗai ba ta wadatar ba, sai daga baya aka ajiye musu akwatin magani a can wajensu, kowane magani da lambarsa, likita ya ce a ba shi lamba kaza sau kaza. Aka kuma yi musu zanen jikin mutum da aka rarraba shi gida-gida, don mara lafiya ya faɗi daidai inda ke masa ciwo. Jirgin kuma yana nan, ranar da abu ya fi ƙarfin rediyo sai ya taso. Abin da suka gano tun wancan lokaci shi ne abin da ya rage muku: a can ɓangaren mara lafiya dole a samu kayan awo, da hannu mai amana, da shirin fita ranar da ta ɓaci.

Ki sayi na'urar awon jini mai batir, wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Ki sayi ta awon suga da tsinkayenta da ake ɗiga jini a kai, da littafi mai bango mai ƙwari. Wajen awon jini, Inna ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba magana. Kada ta ci goro ko ta sha shayi rabin awa kafin nan, goro yana ɗaga awo. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta duka da rana da lokaci. Mako ɗaya kafin ranar magana da likita a yi safe da yamma kullum, sannan a ɗauki hoton shafin a tura masa. Daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau, amma ki bar likita ya faɗi inda yake so nata ya tsaya. In ya kai 180 bisa 120, a sake aunawa bayan ɗan hutu, in bai sauka ba a kira shi nan take, in kuma da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko gani ya dushe, a nufi asibiti.

Na'urar suga iri biyu ce, wata tana ba da lamba a ɗaruruwa, wata a 'yan ƙananan lambobi, tsakaninsu ninki 18 ne. Wato 126 a wannan shi ne 7 a waccan. Ki tabbatar likita ya san wadda kuke da ita. Tsinkayen kuma zafi yana lalata su, a bar su a robarsu a rufe, nesa da rana da murhu. Abin da na fi so kowa a gidan ya haddace shi ne faɗuwar suga, don ta fi hawansa saurin kisa. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya na'urar, ya faɗi. Alamarsa gumi, rawar jiki, yunwa, ko tsohuwa ta fara magana ba kan gado, har a ɗauka iska ce. In tana iya haɗiya a ba ta cokali uku zuwa huɗu na shayi na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. In ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita a gefenta a nemi asibiti. Ki duba ko glibenclamide na cikin ƙwayoyinta, domin ita ce ta fi yi wa tsofaffi haka, musamman ranar da ba su ci abinci sosai ba, kuma faɗuwar takan dawo bayan an farfaɗo. Kafin azumi ma a yi wannan maganar da likita tun Sha'aban.

Sai hannu. Ki bincika ko akwai malamin asibiti ko malama a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, cikin jami'an lafiyar al'umma da aka horar. In akwai, a haɗa su da likitan su riƙa magana kai tsaye, shi ya ce duba mini kaza, su duba su gaya masa da harshen da suka fahimci juna. In babu, a koya wa mutum ɗaya a gidan, matar Yaya ko wata jika mai karatu, ta zama ita ce mai awo da rubutu, kuma kullum da dare ta duba tafin ƙafar Inna da tsakanin yatsu da tocila. Na fi son mace, don akwai abin da Inna ba za ta taɓa faɗa a gaban ɗanta ba, kamar yawan fitsarin dare ko ƙaiƙayin gaba, alhali su ne ke nuna suga ya hau. In ana magana da likita, a bar ta ta yi bayani da bakinta, kada ku riƙa amsa mata. Hotunan jikinta kuma ga likita kaɗai za su tafi, da saninta da yardarta, ban da zauren WhatsApp na dangi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin mara lafiya, ku 'ya'yanta kun fi kowa cancantar riƙe shi.

Shi ma likitan, duk da na yaba masa, ki san shi da kyau tunda ta hannun ƙawa kika same shi. Ki tambayi cikakken sunansa, da asibitin da yake aiki, da lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, wadda ke sabunta musu lasisi duk shekara. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Duk maganin da ya canja ya rubuto shi a rubuce, da suna da ƙarfi da yadda za a sha, a kwafe a littafin. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ranar da kika ji wani ya ce yana da maganin da ke raba mutum da suga kwata-kwata, a turo kuɗi ya aiko a mota, ki kashe wayarki.

Kada kuma ki jingina komai a kan sabis. Ba ki manta watan Satumba na 2021 ba, da aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka yi makonni ba sa jin ɗuriyar 'yan'uwansu. Ko ba a rufe ba, sabis ɗin ƙauye ya ɗauke yau ya dawo jibi. Don haka ki roƙi likita ya rubuta muku a shafin farko na littafin abin da za a yi in ba a same shi ba, a kuma riƙa ajiye maganin aƙalla wata biyu a gida. In bidiyo ya ƙi, saƙon murya da hoton littafi sukan wuce. A ƙasan shafin a rubuta da manyan baƙaƙe abubuwan da ba a tsayawa neman sabis a kansu: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, ƙirji ya riƙe, numfashi ya yi wuya, amai ya ƙi tsayawa, ko ta fita hayyacinta. Shanyewar ɓarin jiki da awoyi ake lissafinta, duk wanda ya tsaya hawa tudu neman sabis ya ci lokacin Inna.

Saura Yaya. Ki tuna shi ne yake kwana yana tashi da ita, shi ake tasa da tsakar dare, kuma ina jin abin da ke cin sa har da ganin an yanke shawara daga Kano da wani baƙo a waya ba a sa shi ciki ba. Ki kira shi yau da dare bayan isha, kada ki tura saƙo. Kada ki fara da kare likitan. Ki ce masa, Yaya, maganarka ta fito, likitan da kansa ya ce wannan sai an taɓa, kuma kai ka san hanya, yaushe kake ganin za a iya fita da ita? Ki gaya masa abin da za ki iya turowa na mota da na asibiti. Gobe kuma ki haɗa su a kira ɗaya da likitan, Yaya ya yi masa duk tambayar da ke ransa, ya ji da kunnensa dalilin kwana biyun. A jakar tafiya a sa tsohon katinta na Gusau, da duk magungunan a leda ɗaya, da ɗan sukari a ƙulle saboda hanya, da takalmi mai faɗi wanda ba zai matse yatsan ba.

Ki rubuto mini bayan an duba ta, ina son jin abin da aka gani a ƙafar. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare hanya, ya tashi kafaɗun Inna.